Ƙaramin jirgi ko babba: ta ina ya kamata ka fara koyon tuƙin jirgin ruwa mai ƙyalle?

Ranar farko da aka miƙa mini sandar tuƙi a ƙaramin jirgin ƙyalle, ban cika minti ashirin a kansa ba na tsinci kaina tsamo-tsamo cikin ruwa. Iska ce ta ɗan ƙaru, jirgin ya kishingiɗa, ni kuma maimakon in saki igiyar ƙyallen sai na ƙanƙame ta kamar ita za ta cece ni. Kafin in ankara ƙyalle ya kwanta a kan ruwa, takalmina ɗaya ya yi nasa wuri. Malamin ya matso da jirginsa mai inji, ko miƙewa bai yi ba, ya ce: "Malam, zagaya baya ka taka allon gindin nan, ka sakar masa nauyinka." Na taka, na ja, jirgin ya tashi yana tsiyayar da ruwa. Da na hau ina haki sai ya tambaye ni: "To, daga ina iska take zuwa?" Na duba dama, na duba hagu, ban sani ba. Darasin ranar ke nan gaba ɗaya.

Duk wanda ya ƙuduri koyon tuƙa jirgin da iska ke turawa, ƙofa biyu ce a gabansa. Ko ya fara da irin wanda ya kayar da ni, na mutum ɗaya ko biyu, babu inji babu ɗaki, yana kifewa ana kuma tayar da shi da ƙarfin jiki. Ko ya zarce babban jirgi mai wurin kwana da inji, wanda aka liƙa wa ƙarfe ko dalma mai nauyi a ƙarƙashi don ta riƙa dawo da shi tsaye duk sa'ad da iska ta kwantar da shi. Daga nan sai maganar takardar shaida, wadda mutane suka fi tayar da hankali a kanta alhali ta fi sauƙin warwarewa. Na bi ta ƙofofin biyu, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba: in jikinka zai ɗauka, fara da ƙarami. Amma akwai waɗanda wannan shawarar ba tasu ba ce, zan zo kansu.

Abin da ƙarami yake sa wa a hannu

Jirgin ƙyalle ba ya iya nufar inda iska take fitowa kai tsaye. Akwai wani yanki, kimanin digiri 45 ta dama da 45 ta hagu, wanda in ka sa goshin jirgi a ciki ƙyallen zai kama kaɗawa kamar shanya a kan igiya, jirgin ya tsaya cak. Mai son zuwa can dole ya yi tafiyar karkace, ya nufi dama na ɗan lokaci, ya juya ya nufi hagu, yana matsawa kaɗan-kaɗan. Juyin kuwa iri biyu ne. Akwai wanda goshin jirgi yake ratsa iska, shi da sauƙi, iyaka in ka yi sanyin hannu jirgin ya maƙale a tsakiya ya fara ja da baya. Akwai kuma wanda iska take ratsa bayan jirgi, inda sandar da ke kwance a ƙasan ƙyalle take tsallakowa daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfin gaske, wanda bai sunkuya ba ya ji a ƙeyarsa. Duk wannan ana iya karance shi cikin rabin awa. Sai dai sanin ka daban, sanin hannu daban.

Ɗauki Laser, jirgin mutum ɗaya da Bruce Kirby ya zana, wanda yanzu ake kira ILCA kuma ake tsere da shi a gasar Olamfik tun 1996. Tsawonsa mita 4.23, gangar jikinsa ba ta kai kilo 60 ba. Wato yawancin manya sun fi jirgin nauyi. Jikinka ne ke tsayar da shi: ka gusa taƙi ɗaya ya amsa, ka ja igiya fiye da kima ya kwanta, ka sassauta ya miƙe. Tsakanin kuskure da sakamakonsa babu daƙiƙa biyu, kuma wannan saurin shi ne ainihin malamin, wancan na cikin jirgi mai inji mai gadi ne kawai. A yammaci ɗaya kana iya yin juyi arba'in ko hamsin, babu wanda kake jira ya ba ka sanda. Bayan 'yan kwanaki sai ka lura ka daina neman tuta don sanin inda iska take. Kana jin ta a kunne da wuya, kana hango ta tana tahowa a fuskar ruwa, wani duhu-duhu mai yamutsewa, ka gyara zama kafin ta iso. Wannan jin ba ya barin mutum, kamar hawan keke.

Ba banza ba ne manyan gwanaye suka fito daga nan. Ben Ainslie na Birtaniya, wanda ya ci azurfa a 1996 sannan zinare huɗu a jere daga 2000 zuwa 2012, a Optimist ya taso, wani ɗan akwatin jirgi na yara da Clark Mills ya zana a 1947. Paul Elvstrøm na Denmak ma zinarensa huɗu, daga 1948 zuwa 1960, duk a jirgin mutum ɗaya ya ci su.

Kuma kada a ɗauka kowane ƙaramin jirgi mai saurin fushi ne kamar Laser. Makarantu da yawa suna fara manya da jirage masu faɗi irin Wayfarer, wanda Ian Proctor ya zana a 1957, mai ɗaukar malami da ɗalibai biyu ko uku a zaune. A irinsa ne Frank Dye da abokin tafiya ɗaya suka tashi daga Sukotland suka kai Aisland a 1963. Ba ina ba da shawarar a kwaikwaye su ba, ina nuna dai cewa jirgin ba abin wasan yara ba ne.

Yanzu ga aibinsa. Za ka jiƙe, ba ko wataƙila. Dole ka zama mai natsuwa a cikin ruwa ko da rigar ceto a jikinka, kuma in ruwan wurin ya yi ƙasa da digiri 15 na ma'aunin Salshiyos, faɗawa cikinsa kwatsam yana ɗauke numfashi ya sa mutum ya shaƙi ruwa, komai iya iyonsa. Gwiwa da baya suna shan aiki, domin kullum kana tsugune kana tsallakawa daga gefe zuwa gefe. Sannan akwai abubuwa birjik da ƙarami ba zai taɓa koya maka ba: inji, anga (ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ta riƙe jirgi), taswira, tafiyar dare, da kula da mutanen da suka damƙa maka rayukansu. Kwasa-kwasan farko na ƙananan jirage gajeru ne, a tsarin RYA, ƙungiyar tuƙin jiragen ruwa ta Birtaniya, mataki na 1 da na 2 kwana bibbiyu ne, amma takardarsu ba za ta sa wani kamfani ya ba ka shatar babban jirgi ba.

Babba, da nauyinsa

Shekara biyu bayan waccan kifewar na hau jirgi mai tsawon mita 11 a wata makaranta, ina ganin na iya. A sararin ruwa kuwa na iya ɗin, malamar ma ta ce daga yadda nake saurin amsa iska ta gane a ƙarami na fara. Da yamma aka ce in shigar da jirgin matsayarsa, tsakanin wasu jirage biyu. Muka sauke ƙyalle, na tayar da inji, na shigo da gudun da a idona tafiyar hawainiya ce. Saura kamar mita uku na sa giyar baya. Jirgin bai tsaya ba, gindinsa kuma ya fara zamewa hagu, abin da ban taɓa sa wa rai ba. Wani abokin karatu ya miƙa ƙafa zai tokare gadar katako, malamar ta daka masa tsawa: "Janye ƙafarka! Jirgi ana gyara shi." Muka daki katakon da wata ƙara da har yau nake jin ta. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi in fitar da shi in sake, sai da na yi sau shida kafin ta bar ni na sha ruwa.

Abin da ban sani ba shi ne, jirgi mai tan bakwai ko takwas ba shi da birki, kuma farfelarsa in tana juyawa baya tana tura gindin gefe ɗaya kafin jirgin ya fara ja da baya. Iska kuma, da zarar gudu ya ragu, sai ta kama goshin ta kai shi inda take so. Wannan ilimi ne mai zaman kansa, kuma a nan ne sababbin matuƙa suka fi jin kunya, domin tashar jirage ba ta rabo da 'yan kallo.

Haka sauran darussan babban jirgi suke, duk na nauyi da hangen nesa ne. Ƙarfin iska a kan ƙyalle ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: in gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya rage girman ƙyalle tun lokacin da tunanin ya fara zo masa, domin aikin da ake yi cikin minti uku a iska mai sauƙi yana zama kokawa in an makara. Igiyar da kake riƙewa da yatsu biyu a Laser, a nan sai an naɗa ta a kan abin ja na ƙarfe, kuma yatsan da ya shiga tsakaninsu ya shiga uku. Ana koyon jefa anga da sakin sarƙa ninki huɗu na zurfin ruwa ko fiye, ana koyon duba mai da ruwan inji kowace safiya, da rufe gas bayan girki. Ana maimaita yadda ake komawa a ɗauko wanda ya faɗa ruwa, da bokiti da balan-balan ɗin kare gefen jirgi a matsayin mutum, har sai mutum ya gane cewa komawa wurinsa shi ne mai sauƙi, ɗago jiƙaƙƙen ƙato zuwa kan jirgi mai tsayin gefe shi ne aikin.

Ga mai ciwon gwiwa, ko wanda shekaru suka fara ja, ko wanda ba ya son jiƙewa, ko wanda burinsa kawai ya ɗauki iyali su yi mako suna yawo tsakanin tsibirai, nan ce ƙofar. Babu laifi ko kaɗan, kuma mutane da yawa sun ƙetare manyan tekuna ba su taɓa zama a ƙaramin jirgi ba. Sai dai a san abin da aka bari. Babban jirgi mai haƙuri ne, yana haɗiye kuskure. Ka ja ƙyalle ba daidai ba, iyaka gudu ya ragu kaɗan, ba za ka ma sani ba. Sitiyari ba ya gaya wa hannu abin da sandar tuƙi take gaya masa. Ga na'urori a gabanka suna rubuta gudun iska da kusurwarta, sai ka ga ɗalibi ya kafe ido a kan allo, iskar tana kaɗa masa riga bai ji ba. Kuma jirgin ɗaya ne, ku huɗu ko biyar, kowa yana jiran layinsa. Ƙara da amai: kwana biyun farko ruwa yana juya wa mutane da yawa ciki, kuma wanda ya sauka ƙasa yana karanta taswira ya fi kowa shan wuya.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba, ga ni kuwa ita ce ta fi dacewa da babban mutumin da ba ya son kifewa: ƙaramin jirgi mai dalma a gindi, mita 6 zuwa 8, mai sandar tuƙi maimakon sitiyari, irin J/24 da ya fito a 1977. Yana da isasshen nauyin da ba zai zubar da kai ba, yana kuma da isasshen sauƙin da zai gaya maka in ka yi kuskure. In makarantar da kake dubawa tana da irinsa, kada ka wuce shi.

Dokar hanya ba ta san girman jirgi ba

Ko ta wace ƙofa ka shigo, dokokin kauce wa karo a teku suna kanka. An amince da su a 1972 ƙarƙashin hukumar kula da sufurin teku ta duniya, suka fara aiki a watan Yulin 1977. Makarantun ƙananan jirage sukan koyar da uku ko huɗu su tsaya, na manyan jirage ne suke shiga ciki sosai, kuma wannan babban dalili ne da ya sa wanda ya fara da ƙarami bai kamata ya tsaya nan ba.

Tsakanin jiragen ƙyalle biyu, doka ta 12 ce take aiki. In iska tana bugun su ta gefe dabam-dabam, wanda take buga wa ta hagu shi ne zai kauce. In ta gefe ɗaya ne, wanda ya fi kusa da inda iska take fitowa shi zai ba da hanya. Mai wuce wani daga baya kuwa, doka ta 13 ta ɗora masa kaucewa ko wane iri ne shi, ko da jirgin ƙyalle ne yake wuce mai inji.

Inda sababbi suke jefa kansu cikin haɗari shi ne maganar nan da kowa ya haddace, wai mai inji yana kauce wa mai ƙyalle. Gaskiya ce, amma rabinta. Da farko, daga lokacin da ka sa inji a giya ka zama mai inji a idon doka, ko da ƙyallenka a shimfiɗe yake, kuma da rana ana son ka rataya baƙar alama mai tsini tana kallon ƙasa don a sani. Na biyu, jirgin ƙyalle shi ne yake kauce wa masu kamun kifi da ke kan aiki, da jirgin da ya lalace, da wanda aikinsa ya hana shi juyawa. Na uku, a matsattsiyar hanya da kuma layukan da aka shata wa manyan jirage, doka ta 9 da ta 10 sun hana jirgin ƙyalle da duk wanda bai kai mita 20 ba tare hanyar babba. Yi lissafin da kanka: jirgin dakon kaya mai gudun mil 20 na teku a awa yana cinye mil ɗaya cikin minti uku. In ka hango shi a mil biyar, minti goma sha biyar gare ka, kai kuma da ƙyar kake yin mil biyar a awa. In ka ji ya busa gajeren ƙaho sau biyar, yana cewa ne bai gane abin da kake nufi ba, kuma a lokacin ya kamata a ce ka riga ka bar wurin. Ko wanda doka ta ce ya riƙe hanyarsa, doka ta 17 ta wajabta masa ɗaukar mataki in ya ga ɗayan bai yi abin da zai hana karo ba.

Da dare fitilu ne suke magana: ja a hagu, kore a dama, fara a baya. Karanta su a littafi abu ne mai sauƙi. Tsinto su a tsakiyar fitilun gari da ke bayan tasha, kana jin barci, shi ne abin da sai an fita da kai da dare za ka iya. Sai alamomin hanya da aka ɗaure a kan ruwa, waɗanda duniya ta rabu biyu a kansu. A Turai da Afirka da Ostareliya da yawancin Asiya, in kana shigowa daga teku ja tana hagunka, kore tana damarka. A nahiyoyin Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin akasin haka ne, ja tana dama. Wanda ya koya a ɓangare ɗaya ya je shata a ɗayan, wannan ne abu na farko da zai tuna kafin ya kwance igiya.

Sai cikowar teku da janyewarta, wadda ita ce take raba makarantu fiye da sunan da ke jikin takardarsu. A yawancin gaɓoɓi teku tana cikowa sau biyu a rana, tazarar kimanin awa 12 da minti 25, kuma ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. A mashigin Fundy na Kanada bambancin yana kaiwa wajen mita 16, a yawancin Bahar Rum kuwa bai kai rabin mita ba. Wanda ya koya a ruwan da ke hawa da sauka dole ya iya lissafin zurfi awa bayan awa, ya san cewa rabin ruwan yana shigowa ne a awa ta uku da ta huɗu, ya kuma saba da ruwan da ke jan jirgi gefe yana tafe. In ya je ruwan da babu wannan, sauƙi ya samu. Wanda ya koya a kwantaccen ruwa in ya zo nan, kusan sabon ɗalibi ne.

Takardar wa?

Tsare-tsare biyu ne suka fi yaɗuwa. RYA ƙungiyar Birtaniya ce da ta samo asali tun 1875, tana da makarantun da ta amince da su a ƙasashe da dama. ASA ta Amurka ce, an kafa ta a 1983. Akwai kuma IYT, da US Sailing, da tsare-tsaren ƙasashe irin su Jamus, amma yawancin masu zaɓi tsakanin biyun farko suke tsayawa.

Matakin RYA na farko a babban jirgi shi ne Competent Crew, kwana biyar kana kwana a jirgi kana koyon zama ma'aikaci mai amfani. Na biyu, Day Skipper, shi ne wanda yawancin mutane suke nema: karatun aji na awa 40 kan taswira da cikowar teku da dokoki da yanayi, sannan kwana biyar a ruwa. Ana son ka zo da kwana biyar a jirgi, mil 100, da awa huɗu na tafiyar dare. Can sama akwai Yachtmaster, wanda ba kwas ba ne, jarrabawa ce da wani mai gwaji dabam yake yi maka a kan jirgi. Kafin ka nemi ta nesa da gaɓa sai ka tara kwana 50 da mil 2,500, da tafiye-tafiye biyar masu fiye da mil 60, biyu da kwana a hanya, biyu kuma kai ne kyaftin.

ASA ta yanka nata ƙanana-ƙanana da lambobi: 101 tuƙin ƙaramin jirgi mai dalma, 103 yawon gaɓa, 104 ɗaukar shata ba tare da kyaftin ba, 105 aikin taswira, 114 jirgi mai gangar jiki biyu. Kowane mataki da rubutacciyar jarrabawa, kuma ban da 105 duk da gwajin ruwa. Abin da na fi so a tsarin shi ne farawarsa da ƙaramin jirgin nan na hanya ta uku, wato yana ba hannu abin da Competent Crew ba ya bayarwa. Abin da ba na so shi ne yadda wasu makarantu suke cusa 101 da 103 da 104 cikin mako ɗaya. Takardun na gaske ne, amma mako ɗaya bai isa ya mai da wanda bai taɓa riƙe igiya ba kyaftin. RYA kuwa, da yake a ruwan Birtaniya mai hawa da sauka ta girma, ta fi matsa wa ɗalibi a kan taswira da lissafi tun da wuri, ta kuma fi cin lokaci. A ƙananan matakai, a tsarin biyun, malamin da ya koya maka shi ne yake sa maka hannu, don haka nagartar malami ta fi tambarin da ke jikin katin tasiri.

Amma abin da ya kamata ya yanke maka hukunci shi ne inda kake son tuƙi. Birtaniya ba ta neman lasisi a hannun mai jirgin shaƙatawa. Faransa ba ta nema ga jirgin ƙyalle a teku. Jamus tana nema in injin ya wuce ƙarfin doki 15. Kuroshiya tana son takardar da ke cikin jerin waɗanda ta amince da su, haɗe da shaidar iya amfani da rediyon oba-oba na teku. Girka tana son kyaftin mai takarda da mataimaki mai gogewa. A Karebiyan kuwa kamfanonin shata galibi tarihin tafiye-tafiyenka suke dubawa. Don sauƙaƙa wannan ruɗani ne aka samar da ICC, takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa, ƙarƙashin ƙuduri mai lamba 40 na hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 1998. Mai Day Skipper yana iya neman ta ba tare da wani gwaji ba in ya cika sharuɗɗan ƙasa ko mazauni, kuma shekara biyar take yi. Amurka ba ta shiga ƙudurin ba, shi ya sa ASA take ba wanda ya gama 104 tata takardar mai suna IPC, wadda kamfanoni da yawa a Bahar Rum suke karɓa. Kafin ka biya kowace makaranta, rubuta wa kamfanin shata na ruwan da kake mafarki ka tambaye su me suke karɓa, ka ajiye amsar. Kwas ɗin rediyo kuma ka yi shi ko ba a nema ba, yini ɗaya ne, kuma ranar da za ka buƙaci kira a tasha ta 16, ta neman agaji, ba ranar koyo ba ce.

To, in ni ne kai, kuma lafiyar jiki ta yarda, zan ba ƙaramin jirgi kwana huɗu na kwas, in ƙara da damina ko rani guda ina fita ni kaɗai a ruwan da ake sa ido. Daga nan in hau jiragen mutane a matsayin ma'aikaci, domin masu jirage kullum suna neman hannu, musamman masu tsere. Sai in yi karatun taswira, in je Day Skipper ko 103 da 104, a ruwa mai hawa da sauka in da hali. Wanda ba zai iya jure kifewa ba ya maye matakin farko da 101 ko makamancinsa. Wanda kuma burinsa tsere ne ko motsa jiki a tafki, ba ya buƙatar babbar takarda sam, ya shiga kulob ya kama fita.

Lokacin duba makaranta, tambayi ɗalibai nawa ne a jirgi ɗaya, ko kwas ɗin yana da fitar dare ta gaske, da abin da suke yi in iska ta ƙi zuwa ko ta yi yawa. Ka duba rigunan ceto da idonka. Sannan tun daga fitar farko ka sayi ɗan littafi kana rubuta kwanan wata, sunan jirgi da tsawonsa, inda aka tashi da inda aka sauka, mil nawa, awa nawa cikin dare, ƙarfin iska, da matsayinka a jirgin, kyaftin ya sa hannu kafin ku rabu. Ni na yi sakaci da wannan a shekarata ta farko a manyan jirage, da na zo cike fom ɗin shata sai da na koma bin tsofaffin hotunan waya ina ƙirga kwanaki.